Lita Takwas, Zuwa da Dawowa

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na sayi motar. 'Yar mitsitsiya ce mai silinda uku, wadda a zamaninta fara ce, yanzu kuma ta koma launin tsohon haƙori. Malama ta leƙo ta tagar ɗaki ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Mai Sikeli, sayo ta ka yi ko tsinto ta?" Shekara talatin da ɗaya ke nan matar nan tana kirana Mai Sikeli, tun ina mai kula da sito a kamfanin sabulu, kuma har na yi ritaya ba ta sauya mini suna ba.

Motoci biyar muka gani ni da Dogo bakanike. Shi ya nace a kan wata shuɗiya mai faɗin kujera. "Yaya, wannan ta fi laushi a hanya," in ji shi. Na ce ai ba gado na zo saye ba. Na tambayi girman injin kowace, na shinshina hayaƙin salansa, na sa aka tuƙa biyu zuwa sikelin manyan motoci na tsohon wurin aikina. Wannan ta fi shuɗiyar rashin nauyi da kilo ɗari biyu. Magana ta ƙare.

Bari in rubuta lissafin sau ɗaya ko ya daina yi mini yawo a ka. Daga ƙofar gida zuwa asibitin da ake yi wa Malama magani kilomita tamanin ne, zuwa da dawowa ɗari da sittin. Likita ya ce sau goma sha biyu, Litinin da Alhamis, ba fashi ko ɗaya, kuma ba ya son ta shiga motar haya a cakuɗe da mutane. Gidajen mai a rufe suke yau sati uku, wanda ya buɗe kuwa sai ka yi kwana biyu a layi. Mijin 'yarmu Auta ya kawo mana duro guda, lita ɗari, ya sauke a bayan gida yana ta sunkuyar da kai sai ka ce shi ya yi laifi. Na san abin da yaron nan ya sha kafin ya samo shi. Ba zan sake buɗe baki in tambayi surukina ba.

Lita ɗari, tafiya goma sha biyu. Lita takwas da ɗan ɗoriya kowace tafiya.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Tafiya ta ɗaya. Goma sha ɗaya da rabi ta sha, 'yar banza. Na cika tanki har baki kafin mu tashi, da muka dawo na sake cikawa da gorar lita ina ƙirgawa, ina fatan a ce na yi kuskure. Ban yi ba.

Malama ta karɓi littafin nan daga hannuna. Malamar lissafi, ko ta bar aji, ba ta iya ganin lamba ta wuce. Ta duba ta ce, "In dai a haka za ta ci gaba, a tafiya ta tara za mu sauka mu tura."

A can sun auna ta kafin su shiga da ita: kilo sittin da ɗaya. Na gaya wa nas ɗin cewa sikelinsu ba ya zaune daidai a ƙasa. Ta ce, "Baba, je ka zauna." Na zauna awa uku ina kallon bango.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Na kai ta garejin Dogo da ƙaramin sikelina na ratayawa. Duk abin da muka cire sai na auna shi. Kujerar baya, kilo goma sha bakwai. Kariyar ɗora kaya ta kan rufi, tara, ga kuma iskar da take tarewa. Kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, shida. Da na nuna safaya da jak, Dogo ya aje sifana ya ce, "Yaya, in ka cire waɗannan ni ma cire ni daga maganar." Na bar masa su.

Ya wanke kafireta, ya sa sababbin fulogi, ya juye baƙin mai ya zuba mai tsinkakke. Kujerar kuwa ya jingine ta a gindin bishiyar garejin, kafin in fito har mutum biyu sun miƙe ƙafa a kai.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Tafiya ta biyu. Lita goma. Ban wuce sittin ba ko sau ɗaya, har masu keke suna kallonmu. Saura saba'in da takwas da rabi.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ta uku. Lita tara.

Na fara gane hanyar. Burki shi ne ɓarawo, duk sanda ka taka shi ka zubar da man da ka riga ka ƙona. Daga nesa nake hango danja in ɗage ƙafa. Bayan gada akwai doguwar gangara, sai gargada wajen kilomita uku inda kwalta ta mutu, sai hawa. Yau na sa ta a furi tun daga kan gadar, na bar ta ta kwashi gudu da kanta, muka ratsa gargadar a guje, gudun ya kai mu har rabin hawan ban taɓa totur ba. Motar ta yi ta kakkarwa kamar tukunya a wuta, amma ta yi.

A wurin Malama ta sa bakin mayafinta a baki. Maganin ne ke tayar mata da zuciya. Zan riƙa ajiye leda a gaba.

Kilo hamsin da tara. Da muka fito ta ce, "Ni ma na rage maka biyu. Sa a littafinka, ƙarƙashin kafet." Na yi dariya, na kuma sa.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun cire bel ɗin esi mai sanyaya mota da kwamfaresarsa, kilo bakwai. Rediyo da sifiku, uku. Malama ba ta ce komai a kan esi ba, rediyon ne ta yi wa magana. "To wa zai riƙa yi mini hira? Kai da ba ka magana sai da allurar mai." Na ce zan koya.

Alhamis, ƙarfe biyar da kwata

Ta huɗu. Takwas da rabi. Saura sittin da ɗaya. Har yanzu da sauran aiki, amma na ji ƙamshin abin.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Wani direban tasi ya ce mini sirrin yana taya. Taya mai laushi jan ƙasa take yi, inji yana wahala. Na je wurin mai faci na ce ya ƙara iska. Ya kai talatin da biyar ya tsaya, na ce ya ci gaba. A arba'in da huɗu ya cire tiyo ya ce shi iyakarsa ke nan, yana da 'ya'ya.

Na biya ta gareji. Dogo ya doki tayar da ƙafa ya ce, "Wannan ai dutse ne. Talatin aka rubuta a jikin ƙofa, Yaya, ba ka gani ba?" Na ce wanda ya rubuta ba shi da duro guda a bayan gida. Ya juya ya koma kan aikinsa. Dogo ya san injin mota, amma bai san lissafi ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ta biyar. Takwas cif!

Na lura Malama tana motsa baki a gargadar nan. Da muka haye na tambaye ta, ta ce turakun wuta take ƙirgawa. "Sittin da uku ne daga gada zuwa inda kwalta ta dawo." Na ce madalla, ashe ita ma ta shiga aikin awo. Ta juya tana kallon taga.

Kilo hamsin da bakwai.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Bakwai da rabi. Bakwai da rabi! Na tsaya a bayan gida da gora a hannu ina dariya ni kaɗai har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na shiga ɗaki na gaya wa Malama. Tana kwance ta ba ƙofa baya, ta juyo a hankali, ta kalli fuskata ta daɗe, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Injiniya." Yau ne karo na farko da ta ƙara mini girma.

Mun yi rabi. Saura shida.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Shayin ma ta bar shi a kofi.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi

Ta bakwai. Bakwai da rabi. Da muka iso gida ta ce in ba ta minti goma kafin ta sauka. Na tsaya riƙe da ƙofa. Minti ashirin da biyar ta yi. Zafi ne, ba esi, dole mutum ya galabaita. Na sauke gilashi ne kaɗan saboda iska tana riƙe mota in an buɗe duka.

Ban tsaya kusa da sikelinsu ba yau. Ita ma ba ta ce in sa komai a littafi ba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Ta takwas. Bakwai da rabi. Saura talatin da rabi, tafiya huɗu. Lissafi ya hau. Zai isa, har da ragowar rabin lita in ban yi wauta ba.

Me ya sa ban ji daɗi ba?

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Auta ta zo da safe. Ta yi wa uwarta wanka, suka daɗe a ɗaki ƙofa a rufe. Da ta fito idonta ya kaɗa, ta ce in kai ta kantin magani. Ba na ƙona mai a cikin gari, amma yadda ta faɗa bai bar wurin gardama ba.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani ɗan rami da ko akuya ba za ta lura da shi ba. Kan Auta ya kusa taɓa rufi. Ta dafe gaban mota ta ce, "Baba, tsaya."

Na tsaya.

"A haka kake kai ta?"

Na fara yi mata bayanin iska da jan ƙasa. Ban kai ƙarshe ba.

"Baba, ka ga hoton da suka ɗauka a asibiti. A ƙashi abin yake. A ƙashin baya. Ni da nake lafiya ƙalau haƙorana sun haɗu." Ta share hanci da bayan hannu kamar tana 'yar shekara shida. "Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba, to ga shi na faɗa. Ka san me ya sa take ƙirga turaku? Don kada ta yi ihu. Ta ce in ta kai arba'in ta san ta kusa fita. Mayafinta duk ya huje a gefe ɗaya, na gani da idona."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a gefen titi ba. Wani mai babur ya yi ta yi mana hon.

Sau shida na ratsa da ita wurin nan a guje. Zuwa da dawowa. Ina murna.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Na zauna a bakin gadonta na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ba ta tambayi wane ne ya gaya mini ba. Ta ce, "Yarinyar nan bakinta kamar na ubanta." Sannan ta ce, "Na riga ka yin lissafin, Mai Sikeli. Tun ranar farko. In na faɗa za ka sassauta taya, ka riƙa taka burki, ka mayar da kujera, mu koma goma. A goma ba za mu kai sha biyu ba. Kuma kai ba za ka tambayi yaron nan ba, na san ka."

Na ce da na tambaya.

Ta ce, "Ƙarya kake."

Gaskiyarta. 

"Kuma ka ga fuskarka ranar da ta sha bakwai da rabi? Rabona da ganin haƙoranka tun kafin a ɗauki hoton nan. Na ce bari in bar mutumin nan da abin da yake iya gyarawa."

Na fita tsakar gida. Ni da na yi shekara talatin ba a taɓa shigar da buhu sito ban san nauyinsa ba, matata tana gefena tana cin mayafi ban gani ba. Kunya nake ji, da baƙin ciki, da haushin kaina wanda ban san inda zan aje shi ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na kira mijin Auta. Bakin da na ce ba zan buɗe ba, na buɗe shi, bai kuma kashe ni ba. Ya ce, "Baba, ai da ka faɗa tuntuni. Zan nema." Minti ɗaya maganar ta ɗauka. Minti ɗaya.

Na tayar da Dogo daga gida. Na ce kujerata nake so. Bai ce ai na gaya maka ba, da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya kori masu zaman gindin bishiya, ya kakkaɓe ta, ya wanke da sabulu da hannunsa. Ya mayar da kafet, ya mayar da esi, ya haɗa rediyo. Ni kuma na tsuguna gaban kowace taya na danna bakinta da ƙusa ina jin iskar tana fita. Na tsaya a ashirin da takwas.

Dogo ya kawo wata 'yar katifa daga gidansa ya shimfiɗa a kan kujerar. Ya ce, "Ka gaishe da Malama," ya juya da sauri.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ta tara.

Ta kwanta a baya da filo biyu, esi yana busawa, rediyo yana ta surutunsa. A kan gada na taka burki. Na sa giya ta ɗaya, na bi gargadar nan kamar mai ɗauke da ƙwai, ina kauce wa kowane rami, manyan motoci suna zagina suna wucewa. Na duba madubi. Barci take yi, bakinta a ɗan buɗe. Da muka hau kwalta ta farka ta ce, "Har mun wuce? Ashe motarka tana da kirki."

A can ba su shiga da ita ɗakin da suka saba ba. Sun sake ɗaukar hoto. Likita ya kira ni ofishinsa ni kaɗai. Akwai agogo a bangonsa da ke gaba da minti huɗu, da wani kofi cike da biro waɗanda rabinsu ba marfi. Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci, na hango tamu, ita ce mafi ƙanƙanta a layin. Ya yi magana mai tsawo, da ladabi. Ya rubuta wasu magunguna na rage ciwo.

Ya ce ba sai mun dawo ranar Alhamis ba.

Nas ɗin nan ta ba mu aron keken tura marasa lafiya. Ta ce, "Baba, ba gaggawa, duk sanda ka samu dama ka dawo da shi." Ba ta kalle ni ba.

A hanyar dawowa Malama ta ce daga baya, "A ta tara na ce za mu sauka, ko ba haka ba?" Na ce haka ne. Ta ce, "To ka ga ba mu ma tura ba." Da muka iso ta tambaye ni nawa ta sha. Na ce ban auna ba. Ta ce, "Je ka auna, kada ka lalace."

Goma.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Mijin Auta ya iso da jarka a kafaɗa, lita ashirin, idonsa ja, rigarsa duk ƙamshin mai. Kwana biyu ya yi a layi, wayarsa ta mutu, ba wanda ya same shi. Yana ta murmushi. "Baba, ga shi, kuma akwai wani mako mai zuwa." Na riƙe masa mazurari ya juye a duro. Na yi masa godiya sosai. Auta ce ta ja shi gefe daga baya.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Na tashi na duba baƙin mai da ruwa, na goge gilashi. Sai na tuna.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Ta ce in tura ta tsakar gida ta sha iska. Ta sa na kunna mata rediyon motar, ƙofa a buɗe. Na ce batir zai mutu, sai na kama bakina. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce in kawo littafi. Ta buɗe wurin da na rubuta kilo biyunta a ƙarƙashin kafet, na kai hannu zan yage shafin, ta riƙe. "Bar shi. Ni na ce ka sa. Kuma kada in ji ka ce motar nan ce, ko tayar nan. Likita ya gaya maka, ni ma ya gaya mini, tun kafin ka sayo ta abin ya yi nisa."

Na ce amma ciwon hanyar fa.

Ta ce, "Wannan kam naka ne. Na yafe. Rufe ƙofar, batir zai mutu."

Da na ɗauke ta zuwa gado ban bar hannuna ya faɗa mini nauyinta ba. Ya sani, amma ban tambaye shi ba.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ba ta yi magana ba yau.

Talata

Gidan cike yake da masu ta'aziyya. Takalma har bakin titi.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Kowa ya watse sai Auta. Tana ninke kaya, ta ɓoye mayafin nan a ƙasan jakarta tana tsammani ban gani ba. Na bar ta.

Dogo ya zo ya ce in ina so zai samo wa motar mai saye, yanzu kowa irinta yake nema. Na ce ba yanzu ba.

Duro yana nan a bayan gida. Lita arba'in da rabi. Man ya isa, har ya yi saura.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na mayar da keken. Nas ta karɓa da hannu biyu, ta ce in zauna in huta, na ce ina da nisa.

Ban taɓa tayoyin ba, suna nan a ashirin da takwas. Katifar Dogo tana baya da filo biyu. Na kunna esi duk hanya, ni da ba na son sanyi. A dawowa, da na iso inda kwalta ta mutu, ba kowa a motar da zai ji ciwo, ba kuma abin da zan tara wa man. Duk da haka ƙafata ta taka burki, na sa giya ta ɗaya. Wani rami ya shammace ni, motar ta ɗan girgiza, na ji bakina ya ce, "Sannu, Malama."

Na ƙirga turakun har gada. A na arba'in sai da na tsaya a gefe.

Sittin da uku ne. Ba ta taɓa kuskuren lissafi ba.